Siririya

A rungume ta hau tudun da ita,
naɗe cikin bargon ulu kamar jaririya mai mura.
Matakala ɗari da goma sha bakwai daga bakin tashar ruwa,
don keken hawa tudu ya ƙi motsi tun Talata.
Maite Quilodrán ta dire kwamfutar a teburina,
ta tsaya tana mai da numfashi.

"Don Eleuterio, ɗingishi take yi.
In na juya jirgin da nake zanawa
sai ya ƙame a tsakiyar juyi
kamar wanda ya tuna bashi.
Sa mata sabon katin hoto. Ga kuɗi."
A gwangwanin shayi ta kawo su, ɗaure da roba.

Shekara talatin ina buɗe cikin injuna a Valparaíso.
Na san irin wannan tun daga ƙofa:
fuska da ciki da ƙwaƙwalwa duk a faranti guda,
kaurinta bai kai yatsa biyu ba.
Ban ce komai ba. Baki ya iya jira,
hannu ya fara gani.

Na ɗumama gefenta da abin busar gashi,
na bi gam ɗin da tsinken kaɗa jita,
sannu, sannu, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai.
Gilashi ya saki. Sukuru goma sha takwas,
na jera su a murfin kwalba.
A ciki ƙura ta yi gida, ta haihu,
gashin kyanwa ya shaƙe fanka har wuya.

"Zo ki gani," na ce.
Ga shi nan, baƙi, bai fi farcen babban yatsa ba,
an manne shi da dalma a jikin uwar allo,
ƙafafu ɗaruruwa, kowace a daskare.
Babu rami, babu makulli, babu inda za a zare.
Nan aka haife shi, nan za a binne shi.

"A yi masa ɗaki a waje mana,"
in ji ta, "na ji ana yi."
Ana yi. Akwati ne da igiya mai tsada,
amma sai da ƙofa mai alamar walƙiya.
Na juya bayanta, muka ƙirga ramuka tare:
shida, ba mai walƙiya ko ɗaya.
Ko da ma akwai wurin a ciki,
wutar da take sha ba ta ƙosar da babban kati,
zafinsa kuma sai ya gasa ta da ranta.

Maite ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ido.
"Don siririya ce na saye ta.
Ɗakina, gado da murhu da tebur duk wuri guda,
in na buɗe taga sai na matsar da tukunya."

Da hanau gara mannau.
Na hure fanka har na yi atishawa uku,
na kankare tsohon man sanyi da ya bushe kamar alli,
na ɗiga sabo, ƙwayar shinkafa guda,
na ƙara mata ƙwaƙwalwa, wannan kam tana da rami.

Muka kunna. Jirgin ya fito, fari, mai doguwar ƙirji.
Ta ja shi da yatsa.
Ya juya. Ya juya.
Wajen wutsiya ya ɗan yi tuntuɓe,
ya wuce.

Na zari takarda biyu daga gwangwanin,
na mayar da robar.
"Sauran ki ci gaba da tarawa.
In sun cika, sayi mai ƙaton ciki, mummuna,
wadda ake buɗewa da hannu."

"In ajiye ta ina?" ta ce,
tana naɗe bargon.